Layi Ɗaya ko Layi Biyu: Zagayen Titin Ibrahim Taiwo

Titin Ibrahim Taiwo ba wurin tafiyar ƙasaita ba ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi adaidaita sahu sun cushe shi, 'yan dako na ratsawa da dilolin atamfa a ka, masu baro na ihun a ba su hanya, 'yan ka-yi-na-yi na tare duk wanda suka ga alamar baƙunta a tare da shi. A gefe ga Kantin Kwari, inda fatake ke zuwa tun daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru sarin shadda da leshi da yadi. Ka ɗan karkata ka faɗa layin Beirut wurin masu waya, ka matsa gaba ƙamshin sabulu da madara na kasuwar Singa ya tarbe ka, in kuma canjin sefa ko riyal ya kawo ka, Wapa ba nisa. Tsofaffin kantunan da Kwarori suka gina suna nan jefi-jefi, sun maƙale tsakanin sababbin filazoji masu hawa uku da huɗu.

Sunan titin na Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas. Amma unguwar ta girme sunan nesa ba kusa ba. Fagge zangon ayari ce tun kafin zuwan Turawa, a nan Buzaye ke durƙusar da raƙumansu a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, baƙi suka ƙaru a kan baƙi. A bakin titin kuma gidan Rediyon Kano yake, Gidan Bello Dandago, wanda shekara da shekaru ta bakinsa mutanen karkara ke jin sanarwar rigakafi da gargaɗin amai da gudawa.

Mutanen wannan titi da ido suke cin abinci. Mace za ta tsaya gaban rumfa mai turmi ɗari biyar, ta nuna guda ɗaya daga nesa ta kira sunan zanen, ta kuma gaya maka ko ɗan asali ne ko kwaikwayo, ba tare da ta karanta ko harafi ɗaya na tambarin da ke jikinsa ba. Ɗan canji yatsa da ido kawai yake sa wa takardar kuɗi. To irin waɗannan mutane ne, masu kaifin gani haka, ake miƙa wa wata 'yar takarda a ɗakin gwaji, su juya ta sama su juya ta ƙasa, su ninke ta huɗu su cusa a aljihu ko su ɗaure a bakin mayafi, su fito ba su san abin da jininsu ya ce ba. Wannan takarda ce ta sa na zaga titin da lungunansa.

Ba sai ka sha wahalar nema ba. Ɗaga kai ka dubi benaye, ko ka leƙa lungunan da suka shiga Fagge, za ka ga allunan ƙananan ɗakunan gwaji da kilinik da kemis, kowanne da jerin abin da yake aunawa: maleriya, taifot, ciwon hanta, ƙanjamau, jinotayif, ciki. Masu shiga su ne ɗan cirani da ya baro ƙauye bayan girbi, da mai tallan fura, da maigadi, da yaron shago, da baƙon da ya zo sari zazzaɓi ya kwantar da shi a masauki. Asibitin Murtala na nan kusa da Ƙofar Mata, amma wanda abincin yininsa ke rataye da dilar da zai ɗauka ba ya iya ba layin kati safiya guda. Sai ya hau bene, a soke shi a yatsa, ya biya, a ba shi takarda. Tambayar da kowa ke yi a bakin kanta ɗaya ce: "To, me ya nuna?" Amsar kuwa sau da yawa ba ta wuce kalma biyu, sai a rubuta magani. Kada ma a ɗauka matsalar ta wanda bai yi boko ba ce kurum. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ke karanta jaridar Turanci kullum, shi ma in ka ɗora masa takardar ciwon hanta a gaba, zuru zai yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin da aka fi yi a nan, shi kansa hoto ne. Ɗan farin robar gwajin maleriya bai kai tsawon yatsa biyu ba. Ana ɗiga jini a wani ɗan rami, a bi shi da ɗigon ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. A 'yar tagar da ke tsakiya akwai haruffa biyu, C da T. Layin da ke fitowa a C shaida ce kawai cewa robar ta yi aiki. Na T shi ne mai magana: in ya fito, ko da dishi-dishi ne, an ga alamar ƙwayar cutar. Layi ɗaya a C, babu maleriya. Layi biyu, akwai. In kuwa C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake. Yaro ɗan firamare zai riƙe wannan cikin minti biyu. Mata ma sun riga kowa, domin tsinken gwajin ciki da suke saye a kemis haka yake aiki. Amma a wurare da yawa ana yin gwajin a bayan labule, a jefa robar a kwandon shara, a fito da kalmar Turanci. Kalmar nan fositif kuwa, a kunnen wanda ya ɗan taɓa boko, kama take da albishir.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, kuma ba ƙasar da maganar ta shafa kamar Nijeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Sai dai wanda ya yi kwana uku yana rawar ɗari, in ka ce masa babu maleriya, gani yake ko dai ka cuce shi ko robarka ta jabu ce. Zai tsallaka kemis na gaba ya sayi maganin da ya yi niyya tun daga gida. A nan ne nuni ke da rana. A ajiye robar a gabansa tun jinin na tafiya, ga kati a gefe mai hoton roba uku, ya kwatanta tasa da idonsa. Sannan katin kada ya tsaya a kan babu. Mai layi ɗaya yana buƙatar ya ga cewa zazzaɓinsa gaskiya ne, sai dai daga wani wuri yake, kunne ko maƙogwaro ko huhu ko mafitsara, kuma in wuya ya sanƙare, ko numfashi ya yi sauri, ko yaro ya kasa kama nono ko ya fara jijjiga, asibiti za a nufa a daren, ba jiran safiya.

Akwai wani ɓoyayyen abu da ko masu kemis ba duka suka sani ba. Yawancin robobin nan ba ƙwayar cutar mai rai suke gani ba, wani sinadari ne da take zubarwa a jini, kuma sinadarin kan yi makonni bai gushe ba bayan magani ya kashe ta. Mutum ya shanye maganinsa, bayan kwana goma ya koma, layi biyu su sake fitowa, ya yanke hukuncin cewa magani bai yi ba, a ɗora masa allurai. Haka nan robar da aka bari ta wuce lokacinta a kan tebur tana iya fitar da layin ƙarya. Ɗan zanen agogo da na kalanda a kusurwar kati sun isa su rage wannan asara.

Sarkin rikici dai shi ne gwajin taifot. A Kano ba a raba maleriya da taifot a baki, tare ake ambatonsu, tare ake gwada su, tare ake sayar da maganinsu. Gwajin da aka fi yi, Widal, wani likitan Faransa mai suna Georges-Fernand Widal ne ya fito da shi a 1896. Takardarsa jadawali ce mai haruffan O da H, kowane layi da lamba a gabansa: 1/20, 1/80, 1/160, 1/320. Mutum ya ga 1/160 an zagaye da jan biro, gabansa ya faɗi, ya ce taifot ɗinsa ya kai ɗari da sittin. Har gasa ake yi a majalisa, wane nasa ya fi na wane yawa.

Alhali Widal ba ƙwayar taifot yake nema ba. Martanin da jiki ya taɓa mayarwa yake aunawa, kuma a garin da ake shan ruwan 'yan garuwa da na rijiya, lafiyayyen mutum ma yana iya ɗauke da wannan martani daga haɗuwar da ya yi da cutar shekarun baya. Maleriya kanta takan ɗaga lambar. Gwaji ɗaya bai isa hujja ba. Likitoci sun fi dogara da shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, abin da ke cin kwanaki da kuɗi, kuma ba kowane bene ke da kayan yin sa ba. Sakamakon haka shi ne ruwan alluran kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗura wa mutanen da ba sa buƙata, har ƙwayoyin su saba da maganin su daina jin sa. A ganina wannan wuri ne da hoto mai kyau zai iya yin ɓarna. In ka zana wa Widal kati mai ja da kore, ka ba shi kwarjinin da bai cancanta ba. Hoton gaskiya a nan shi ne wanda zai nuna mutum goma lafiyayyu a jere, wasunsu riƙe da takarda mai babbar lamba. Na san ba kowane mai ɗakin gwaji zai so liƙa wannan a bangonsa ba, tunda Widal na cikin abin da ke biyan kuɗin haya.

Daga titin zuwa France Road tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita, in gosulon Bata ya yi maka sauƙi. Kan hanya za ka wuce yankin da ya daɗe yana zama cibiyar sarin magani ta Arewa, su Malam Kato da layin Niger Street, kafin hukuma ta matsa wa dilolin a 2024 su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a hanyar Zariya. A France Road ɗin ne asibitin cututtuka masu yaɗuwa yake, IDH, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana. Nan ake kai masu amai da gudawa da masu tarin fuka, nan kuma aka kwantar da yara da dama a annobar mashaƙo da ta taso tun ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta.

Ba a tsayawa a ƙofar asibitin nan a yi zancen bayani ba tare da an tuna 1996 ba. A shekarar sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo nan ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa. Iyaye suka ce ba su san gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, ba ta dawo da shi ba sai Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da ake kafa hujja da shi a masallatai da majalisu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka Bakano da ya ce sai ya ga abin da aka yi da jininsa, ba taurin kai ba ne. Yana da dalili, dalilin kuma yana da adireshi a France Road.

Amma Kano ba baƙuwar karatun alama ba ce a harkar lafiya. Shiga kowane lungu na Fagge ka dubi bangon ƙofar gida, za ka ga rubutun alli na masu rigakafi, wanda ke gaya wa mai duba aiki yara nawa aka samu, nawa suka rage. Ƙaramin yatsan yaro mai shuɗin tawada ya ishe uwa da ma'aikaciya shaida. 'Yar ledar da mai kemis ke ƙulla ƙwaya a ciki tana da hoton fitowar rana da tsakar rana da jinjirin wata, shi kuma ya ja sanda ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kowanne. Ba wanda ya koya wa tsohuwa wannan a aji, amma ba ta kuskure. Katin awon yara mai layin da ke hawa, wanda kowace uwa ke adanawa a ƙasan akwati, a ƙasar nan aka ƙirƙire shi: Dokta David Morley ne ya tsara shi a Imesi-Ile kusa da Ilesha, tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, daga nan ya bazu duniya. Kafin wannan ma akwai majigi, da ake kafa wa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi a nuna fim ɗin tsafta da na cututtuka.

Misalin da ya fi ƙarfi daga ƙetaren iyaka yake. Zaren awon damtsen yaro mai launi uku, ja in bai kai santimita 11.5 ba, rawaya zuwa 12.5, kore daga nan sama, da ma'aikatan lafiya kaɗai ke riƙe shi. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka danƙa shi a hannun iyaye mata a farkon shekarun 2010, aka kuma tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan ƙauye ba. Matan da yawancinsu ba su taɓa zama a ajin boko ba. Abin da ya sa zaren ya ci nasara, a fahimtata, shi ne kowane launi yana ɗauke da aikinsa: ja, ɗauki yaro ki tafi yau. Takardar ɗakin gwaji kuwa suna take kira ta yi shiru.

Ana cewa gani ya kori ji, amma ba kowane gani ba. A bangon wasu ɗakunan jira za ka ga fastocin da rana ta kodar, an bugo su daga wata ƙasa, da Bature mai farar riga da ma'aunin zafi a baki. Ba wanda ke ɗaga kai ya kalle su. Ma'aikatan lafiya na da wani tsohon labari da suke ba juna, na ƙauyen da aka nuna wa hoton sauro an kumbura shi ya cika allo, mutane suka gode Allah da nasu sauron bai kai haka ba. Ko labarin ya faru ko ƙari ne, abin da yake nuni da shi gaskiya ne. A Afirka ta Kudu, Ros Dowse da abokan aikinta na Jami'ar Rhodes sun gwada zanukan shan magani na Amurka da waɗanda aka zana a gida a kan masu jin harshen Kosa da ba su yi nisa a karatu ba, na gida suka fi fahimtuwa.

A nan Kano akwai wani tarko na musamman. Wanda ya taso a makarantar allo daga dama yake fara karatu, kuma har yau da ajamin da ke jikin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu wasu ke tantance kuɗi. Ka jera masa hoto huɗu daga hagu, mara lafiya, gwaji, magani, mai lafiya, yana iya karanta maka labarin lafiyayyen da ya sha magani ya kwanta. Jeri daga sama zuwa ƙasa ya fi aminci. Alamar maki da ta kuros na malamin makaranta ne, ba kowa ya san su ba, alamar tarawa kuma wani asibiti take tuna masa, wani coci. Sannan zanen jiki tsirara, ko mace ba mayafi, ya isa ya sa magidanci ya bar katin a kan benci. Maganin duk wannan ba ya wuce a fito da zanen bakin titi kafin a buga shi, a nuna wa ɗan dako da mai fura da Inyamurar da ke sayar da kayan miya, a tambaye su me suka gani, a yi shiru a saurara. Masu zanen jikin manyan motoci da allunan shaguna suna nan birjik a garin, sun fi kowane ofis sanin abin da idon mutanen nan ke kamawa.

Takardar tarin fuka ita ma tana da nata. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba kaki cikin awa biyu ta ba da amsa biyu a jere: an ga ƙwayar ko ba a gani ba, sannan ƙwayar na jin maganin rifampicin ko ta bijire masa. Takardar da ta ce an gani a layin farko, ba a gani ba a na biyu, wani ɗauka yake an wanke shi, alhali cewa aka yi yana da cutar amma irin mai jin magani ce. Abin da ya kamata ya tafi da shi gida shi ne hoton wata shida a jere, da shaidar cewa maganin kyauta ne, da hoton mutanen ɗakinsu, domin 'yan cirani kan kwana su da yawa a shago ɗaya, ƙofa a rufe.

Yanzu kuma takardar gwaji ta shiga ɗaurin aure. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da jinotayif kafin aure a Jihar Kano, abin da Hisbah ta daɗe tana yi wa masu shiga auren zawarawa. Ke nan saurayin da ya zo Kwari haɗa lefe, sai ya biya ta ɗakin gwaji, takardarsa kuma ba a aljihunsa za ta tsaya ba. Za ta bi ta hannun waliyyi da kawu da liman. A nan ne na ga iyakar shawarar da nake ta bayarwa. Hoton da kowa ke iya karantawa, kowa ne fa ke iya karanta shi. Jan kati a hannun budurwa a kan bencin jira ya gama tona mata asiri kafin ta kai ƙofa. Don haka katin ƙanjamau da na hanta na cikin ɗaki ne, tsakanin mai bayani da mai jini, kuma wanda za a tafi da shi gida ya zama iri ɗaya ga kowa, mai ɗauke da dukan amsoshin, mutum shi kaɗai ya san wadda ta shafe shi.

A cikin ɗakin kuwa akwai abin nunawa da yawa. Layi biyu a robar farko ta ƙanjamau ba hukunci ba ne sai an tabbatar da wata roba ta daban. Layi ɗaya ma ba wanki ba ne ga wanda ya yi mu'amalar da yake shakka a 'yan makonnin nan, sai ya sake bayan wata uku. A Afirka ta Kudu masu ba da shawara kan yi amfani da kwalabe cike da duwatsun ado ja da baƙi, a girgiza wa mutum ya ga yadda jajayen ke raguwa in ya riƙe magani, har su kai inda na'ura ba ta ganin su, inda kuma ba ya sa wa matarsa. Duwatsun ado da kwalba ba su gagari kowane ɗakin gwaji a Fagge ba. Da irin wannan kwalba ma za a kashe kuskuren nan da ya zama ruwan dare game da sikila, na cewa in AS ya auri AS ɗa na huɗu ne kawai zai fito da ciwon. Kowane ciki sabon zaɓe ne, ɗaya cikin huɗu, a sa hannu a zaro a mayar.

Ciwon hanta ne zai fi raba aure a banza in ba a yi hattara ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya ke ɗauke da ƙanjamau, amma masu ciwon hanta nau'in B sun kai kashi 8.1. Robarsa ta gwaji biyar taga biyar gare ta, kuma a irin da aka fi sayarwa, tagogi uku layi biyu ne ke nufin akwai, sauran biyun kuma layi ɗaya ne ke nufin akwai. Wata tagar ma in ta nuna akwai, albishir ne, garkuwa ce jiki ya samu. Wanda aka koya wa dokar robar maleriya, in ya shigo da ita nan, ya ɓata. Ga kuma jita-jitar cewa ana ɗaukar cutar ta gumi ko ta cin tuwo a kwano ɗaya, har a ware wa mutum kofinsa. Ta jini take bi, da saduwa, da askar wanzami ko ta mai yankan farce da ba a tsaftace ba, da kuma uwa zuwa jariri wurin haihuwa.

Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta cikin wata shida. Jariri ne in ya ɗauka, tara cikin goma takan zauna masa har girma. Saboda haka katin da waliyyai ke buƙatar gani ba na raba aure ba ne. Na allura uku ne ga wanda ba ya da ita cikin ma'auratan, yau, da bayan wata ɗaya, da bayan wata shida, sai kuma allurar jariri cikin awa 24 da haihuwa, wadda ke cikin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta. Da yake haihuwa da yawa a gida ake yin ta, cikin dare, wannan hoton na ƙarshe sai ya kai hannun ungozoma da uwar amarya, ba ango kaɗai ba. Maɗaba'un da ke buga katin biki da kalandar amarya suna nan a Fagge da Sabon Gari, kuma kuɗin da ake kashewa a katin gayyata na biki ɗaya zai buga wa ɗakin gwaji guda katin da zai ishe shi watanni.